Zazzaɓin Akwatin Karatu

Alhamis, 3 ga Afrilu, bayan magariba. Gwaram

An sallamo Baba, yana gida. Alhamdulillahi.

Ba zan rubuta abin da ya faru a Larabar nan ta goman ƙarshe ba. Na ba 'yan dubiya labarin har bakina ya gaji, ba sai na ba takarda ba. Sallarmu dai a barandar asibiti muka yi ta a Birnin Kudu, da tuwon da wasu mata da ba mu sani ba suka raba da mu. Allah ya saka musu da alheri.

Likita ya ce sauran aiki na gida ne: a riƙa juya shi, a riƙa murza masa hannun dama, a riƙa yi masa magana ko da bai amsa ba. Inna ta ce, "Wannan mai sauƙi ne, ɗan nan. Tun da aka kawo ni gidansa ni ke magana, shi yana saurare." Muka yi dariya, har Yaya Bahauddeen da ya kwana biyu fuskarsa a ɗaure. Baba ma gefen bakinsa na hagu ya ɗan motsa. Na gani da idona, ba mai ce mini ban gani ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu, da hantsi

Gobe ya kamata a koma karatu. Tun zamanin Kaka ake zama a zaurenmu bayan la'asar, Asabar zuwa Laraba, manoma da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, kowa da littafinsa. Baba ya fassara, ya yi bayani, in an gama ya ja addu'a, a shafa, a watse. Azumi da Sallah kaɗai ke tsayar da zaman.

Na ce Yaya ya zauna ya ja karatun. Ya iya, kowa ya san ya iya. Ya ce wallahi ba zai hau buzun Baba ba, mai buzun yana kwance a bayan bango yana ji. Na yi masa tsiwa son raina, ya yi mini shirun nan nasa. Daga baya na ga gaskiyarsa, amma ban gaya masa ba, kada kansa ya kumbura.

Saura akwatina. Ƙaramar kwamfuta ce a cikin ɗan akwatin roba da bai fi sandar sabulu ba. Bara na haɗa shi, saboda Baba ya dame ni in samo dabarar da matan unguwa za su riƙa jin karatu daga gidajensu. Shi ke ɗaukar muryarsa a zaure ya aika wa wayoyinsu, ba sai da data ba. A cikinsa kuma na juye kaset-kaset na karatun Baba, waɗanda ɗalibai suka ɗauka tun ina goye. To tunda mai muryar ya kwanta, akwatin zai riƙa sako tsohuwar: lasifika ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin Baba, mata kuma a wayoyinsu. Yana sakowa yana tace ƙarar tsohon kaset, aikin da bai saba ba, amma na gwada shi tun safe a kan teburin ɗakin littattafai, lafiya lau.

Na durƙusa na gaya wa Baba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya matse mini yatsu da hannun hagu.

Gobe da sassafe zan koma Birnin Kudu. Cibiyar da nake koyar da kwamfuta ma'aikata ne ɗalibanta, Asabar da Lahadi ne ranakun cikarta, hutuna Alhamis da Juma'a. Wato ranakun da ba karatu su kaɗai nake nan.

Asabar, 5 ga Afrilu, bayan magariba. Birnin Kudu

Yaya ya kira. Zaure ya cika har waje. Malam Hamisu, tsohon ɗalibin Baba, ya zo tun daga Dingaya a kan babur da ciwon gwiwarsa. Da muryar Baba ta fito da bisimilla, tsofaffi suka yi ta share ido da hannun riga. Karatu ya yi nisa, ana tsakiyar bayani, sai ɗif. Akwatin ya ɗauke, kalma a rabe.

Na ce, "Baba fa?"

Yaya ya ce ya juya fuska bango. Inna ta yi ta lallashi, ya ƙi kunu. Mutane suka jira har suka gaji, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda ya ja addu'a a madadinsa.

Ba a shafa ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan magariba

Ya sake ɗaukewa. Ba a shafa ba.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Jiya Yaya ya yi dabara, ya sa karatun a wayarsa ya haɗa da lasifika. Zaure ya ji, ɗakin Baba ya ji, mata ba su ji ba. Wata maƙwabciya ta shigo tana tambayar ko yau ba karatu, Baba ya ji ta daga ɗaki. Inna ta ce ya yi ta buga tire da hannun hagu yana nuna katangar maƙwabta, har sai da ta aika Yaya ya kashe. Shi ne ya fara karantar da matan nan, wasunsu a bakinsa suka gyara Fatiha. Ba zai yarda a yi ba su ba.

To ko a fusace ne, ya buga tire. Ya nuna abin da yake so, an kuma gane. Na gode wa Allah da wannan fushin.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan azahar. Gwaram

Na sami akwatin a kan tebur, an goge shi tas. Na sa abin kunne na saurari karatu guda daga bisimilla har addu'a, ko tari bai yi ba. Na sa na biyu, haka. Na duba sola, na duba batir, na duba kowace waya, ba abin da na gani.

Yaya ya ce, "Tsoronki yake ji, kamar kowa a gidan nan."

Na ce, "Rana tana dukansa?" Ya ce a'a. "Yara suna wasa da shi?" Ya ce wa zai bar yaro ya shiga ɗakin littattafan Baba. "Wani yana taɓa shi?" Ya ce ba mai taɓa shi, yana nan a adane.

Na zo da ɗan'uwansa, iri ɗaya sak, wanda nake gwaje-gwaje da shi a gida. Na juye komai na musanya su. In na farkon ne mai laifi, an gama.

Baba ya rame. Na murza masa hannu ina ba shi labarin 'yata Hafsat, jikarsa, da ta ce in ta girma za ta zama likitar akuya. Idonsa ya yi dariya. Mangwaro ya nuna a bayan gida, Inna ta matse masa ruwan, ya sha kaɗan. Alhamdulillahi ko da kaɗan ne.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan magariba. Birnin Kudu

Na biyun ma ya ɗauke, kusan a wuri ɗaya. Ba a shafa ba.

Na yi kuka a bayan ɗaki, na wanke fuska, na dawo na zauna na yi tunani kamar mai hankali. Akwati biyu ba za su yi ciwo ɗaya ba sai da dalili. Bara da sanyi na kafa shi, aikinsa kuma ba nauyi. Yanzu bazara ce, ko kaza bakinta a buɗe yake, ga tace kaset na ɗora masa. Zafi nake zargi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, in ta yi zafin da zai ƙona ta, takan kashe kanta ba sallama.

Abin haushin shi ne akwai ma'aunin zafi a cikin furosesar tun daga kamfani. Sai dai babbar manhajar da ke tafiyar da akwatin ba ta san da zamansa ba, don ba wanda ya taɓa rubuta mata direbansa, wato ɗan shirin da zai je ya karanto ma'aunin ya kawo mata labari. Da tana samun labari, da ta ga zafi ya hau sai ta rage gudun aiki har a huce. Yanzu kuwa gudu take ido rufe har ta faɗi.

Ban taɓa rubuta direba ba. Na gaya wa maigidana, Abban Hafsat, ya ce, "To yau kin fara. Ni zan riƙa kai yarinya makaranta." Allah ya bar mini mutumin nan.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Na samo takardar bayanin furosesar. Shafuka ne rututu, amma babin ma'aunin zafi ɗan tsurut ne, kamar wanda ya rubuta shi ana kiransa cin abinci. Na gane dai akwai wani gurbi da ake ce wa rijista, a nan ma'aunin ke ajiye abin da ya auna. Na rubuta abin da zai leƙa gurbin. Sifili. Na sake, sifili. Na hura wa akwatin iska, na rungume shi a hammata, sifili.

Na zagi kamfanin, na zagi mai takardar, na yi istigfari.

Sai da ɗalibaina suka tafi na lura da wani layi a can wani babi daban: ma'aunin a kwance yake zuwa, sai an kunna masa agogonsa, an sake shi daga ɗaurin da aka yi masa, sannan a ɗan jira ya gama awo. Ni kuwa ina ta tambayar mai barci. Na kunna, na saki, na jira. Lamba ta fito. Ban san me take nufi ba tukuna, amma ba sifili ba ce, har na tashi na taka rawa ni kaɗai a aji.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Inna ta ce yau tun kafin a kunna ya juya bango.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Lambar nan a juye take tafiya: zafi na hawa tana sauka. Na ɗauka shirme na yi, ashe haka aka gina ma'aunin. Sai an yi mata lissafi kafin ta zama digiri, kuma kowace furosesa da 'yar gyararta da aka ƙona mata a ciki tun daga kamfani, sai an karanto an haɗa. Takardar ta faɗi rabin lissafin ta bar ni da rabi.

Abban Hafsat ya aro mini ma'aunin zafi irin na masu gyaran firji. Muka manna shi a bayan furosesar. Ya sayo ƙanƙara a leda muka kusantar, na rubuta abin da ma'aunin ya ce da abin da lambata ta ce. Ya kunna dutsen guga ya riƙe daga nesa, na sake rubutawa. Hafsat na tsaye tana tambayar ko akwatin ma za a yi masa guga. Da na ja layi tsakanin awon biyu, lissafi ya zauna. Yanzu in na tambaya, akwatin yakan ce hamsin da biyu, ma'aunin mai firji ya ce hamsin da uku. Na yarda.

Na ƙara masa iyaka biyu. In ya kai saba'in da biyar, a rage gudu. In ya ƙi ji ya kai casa'in da biyar, a rufe komai a hankali. Na sa ya riƙa ajiye awonsa tun safe, don in ga yadda yake wuni. Na kuma aika aikin zauren masu rubuta irin waɗannan abubuwa a intanet, ko wani zai duba mini.

Yaya bai kira ba yau. Ni ma ban kira ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan azahar. Gwaram

Na sa direban a akwatin gida. A kan tebur yana ta aikinsa lafiya, kamar kullum in ina nan.

Yaya ya ce zaure ya ragu sosai. Ban ga laifin kowa ba, ana sharar gona, wa zai baro aikinsa don rabin karatu. Malam Hamisu ne bai taɓa fashi ba. Ya bar mini saƙo: "A gaya wa 'yar Malam kada ta damu. Ko rabin kalmar Malam muka ji, mun ci riba." Na ji daɗi, na kuma ji kamar an ɗora mini buhu.

Baba ba ya son cin komai. Da na shiga, ya kalle ni ya kalli lasifikar da ke bango, ya rufe ido. Na ce, "Baba, jibi in sha Allahu." Bai matse mini yatsu ba.

Da na fito, Inna ta ba ni fura mai sanyi daga randa, ta ce in daina ɗaure fuska, tsufa zan yi kafin ita. Ita da ke kwana a zaune ita ke lallashina.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan magariba. Birnin Kudu

Ya ɗauke. Da direban da komai. Ba a shafa ba.

Ba ni da abin rubutawa.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan azahar

Wani ya amsa mini daga zauren intanet. Ban san shi ba, ban san ƙasarsa ba, ko gaisuwa bai yi ba. Layi biyu kawai: babbar manhaja ba ta karɓar zafi da digiri ɗaya-ɗaya, sai an raba kowane digiri gida dubu. Wato ni ina ce mata hamsin da biyu, ita kuma tana jin ko digiri ɗaya bai cika ba. A wurinta akwatin cikin ƙanƙara yake zaune, don me za ta rage gudu? Ni da idona nake karanta lambar, shi ya sa ban gani ba.

Na gyara cikin abin da bai kai shan ruwa ba. Na gwada da dutsen guga, yana kaiwa saba'in da biyar gudu ya ragu, zafi ya tsaya. Mutumin nan, ko waye shi, ya bar aikinsa ya karanta shirmen wata mata a Birnin Kudu. Allah ya huce masa duk abin da ke ƙona shi.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Na koya wa Yaya ta waya yadda zai buɗe awon da akwatin gida ya ajiye, ya ɗauko mini hotonsa. Da ƙyar, sai da muka yi faɗa sau biyu.

Na kalli lambobin, na kasa gane kansu. Ranar Alhamis da Juma'a, ina can, hamsin da 'yan kai. Ranar Asabar tun da hantsi ya haura saba'in, ba ya aikin komai. Da azahar tamanin da wani abu. Kafin a ce bisimilla ya riga ya kusa iyaka, karatu kawai ƙarasa shi yake yi. Ɗan'uwansa da ke gabana, a zafin gari ɗaya, ko sittin bai kai ba. Ko na rage masa gudu har ƙasa, daga wannan zafin ba lallai ya kai ƙarshen karatu ba.

Akwai abin da ke faruwa da shi in ba na nan. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini aji. Gobe zan tafi, kuma ba zan gaya wa kowa ina zuwa ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan magariba. Gwaram

Motar ta yi ta tsaye-tsaye, ban iso ba sai bayan la'asar. Tun daga bakin lungu na jiyo muryar Baba daga zaure, da ƙarfinta irin na da. Na bi ta ƙofar baya. Ina shiga tsakar gida sai ɗif. Yau na ji da kunnena yadda kalmar ke rabewa.

Ban gaida kowa ba, na wuce ɗakin littattafai. Tebur wayam. Na bi waya da ido, ta hau bango, ta haye can saman kantar littattafai, daf da kwanon rufi. Na taka kujera. Zafin rufin ya daki fuskata kamar na leƙa tanda. Ga akwatin nan kusa da gafakar Alƙur'anin Kaka, a naɗe cikin farin rawanin Baba, naɗi bisa naɗi, an soke bakin da kyau.

Na sauko da shi. Bakina ya cika da magana, kuma na san halina. Sai ga Inna a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Juwaira! Saukar yaushe? Da kin faɗa ai da na sauke miki shi."

Na ce, "Inna, wa ya ɗora shi can?"

"Yo wa kuwa? Ayoyin Allah ne a cikinsa, da muryar Malam. Sai in bar shi tsirara a kan tebur, inda ake ajiye kofi da makulli? Kullum kika tafi nakan yi alwala in naɗe shi in ɗora. In za ki zo in sauke, in goge miki."

Yaya ya leƙo. Na harare shi. Ya ce, "Ni me na yi? Ai na gaya miki yana adane." Kuma da gaskiyarsa ya faɗa. A gidan nan ba wanda zai ga abu mai ɗauke da Alƙur'ani a naɗe a sama ya ga wani abin ba da labari. Ni ma da ban san cikinsa ba, haka zan yi.

Na haɗiye duk abin da ke bakina. Wallahi ba halina ba ne, taimakon Allah ne. Na warware rawanin na ce, "Inna, taɓa ki ji."

Ta sa bayan hannu, yadda take taɓa goshinmu muna yara. Ta janye da sauri.

"Innalillahi. Zazzaɓi yake!"

Ta tsaya tana kallon akwatin, ta kalli rawanin, ta ɗaga kai ta kalli kwano. Inna ba ta buƙatar a yi mata bayani sau biyu. Ludayin ya sauka a hankali.

"Juwaira, ashe ni ce nake yanke wa Malam magana?"

Ba zan yi mata ƙarya ba, ba kuma zan ce i ba. Na ce, "Inna, ba shi da bakin da zai ce miki zafi yake ji. Aikin da nake ta yi kenan, in ba shi baki. Yanzu ya samu."

Ta juya ta kalli ƙofar ɗakin Baba. Yaya ya fita da sauri kamar an kira shi.

Da ta share fuska, sai rigima ta dawo sabuwa: tebur dai ba za a bar shi a kai ba, ko zan mutu. Na ce sama ma ba zai koma ba, ko za ta kore ni. Ta shiga ɗaki ta fito da wani sabon kwandon kaba mai manyan idanu, da ragayar da take rataye ƙwaryar nono. Muka rataye shi ta gefen inuwa, kusa da taga, sama da kan mutum, nesa da kwano. Rawanin kuma ta naɗe shi a jikin igiyar daga sama, ta ce ko ba komai ya san na waye. Na sa gyararren direban. Iska na shiga ta ko'ina, awo ya sauko hamsin.

Na gode wa Allah da ya kama mini harshe yau.

Laraba, 23 ga Afrilu, kafin magariba

Mutum kaɗan ne a zaure, Malam Hamisu da wasu tsofaffi. Inna ta zaga gidajen maƙwabta da kanta ta ce kowa ta kunna wayarta. Ni na zauna a ɗakin Baba, kwamfutata a cinya, ina kallon lambar zafi. Inna na bakin gado.

Aka yi bisimilla. Sittin. Baba na kallon rufi. Sittin da takwas. Muryar da ke bango tana fassara tana ba da misali da manomin da ruwan alwalarsa ya ƙare a gona, har ta yi 'yar dariyar nan da na manta Baba yana da ita. Saba'in da biyu. Yau zafin gari ya fi na kullum, ganye ko motsi ba ya yi. Na ji gumi na bin bayana.

Da aka kusa wurin da aka saba yankewa, sai na ga Baba ya fara juya fuska bango, a hankali, tun kafin a yanke. Ya riga ya koyi lokacin. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a duk makonnin nan.

Saba'in da biyar. Na ga direban ya kai labari, na ga gudu ya ragu. Lambar ta tsaya, ta yi jim, ta sauko saba'in da huɗu. Murya ba ta ko girgiza ba.

Kan Baba ya tsaya a rabin hanya. Ya saurara. Karatu ya wuce inda bai taɓa wucewa ba, ya shiga wani sabon babi. A hankali fuskar ta dawo, ya kafa wa lasifikar ido. Inna ta kama gefen zaninta ta matse, ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Ban san lokacin da na daina kallon lambar ba. Sai ji na yi muryar ta ce, "Wallahu a'alamu. Nan za mu tsaya." Ta fara addu'a, ta roƙa wa iyaye, ta roƙa wa malamai, ta roƙa wa marasa lafiya na gida da na asibiti. Daga zaure na jiyo amin ɗin tsofaffi. Daga bayan katanga na jiyo ta mata, gida bayan gida.

Baba ya ɗaga hannun hagu. Ya kalli na dama da ke kwance a kan zanin gado. Inna ta miƙa hannu za ta ɗaga masa, ya yi wani sauti, ta janye. Ya sauke na hagun, ya kamo wuyan hannun daman, ya jawo shi sama da ƙyar, yana rawa, ya haɗa su a gaban fuskarsa. Muryar bango ta ce a shafa. Ya shafa. Leɓɓansa suka yi ta kokawa, sannan abu ya fito, ƙasa-ƙasa, a karkace:

"Amin."

Inna ta ce, "Na ji, Malam. Na ji." Ta tashi ta fita da sauri, wai kunu zai huce.

Ya sha kunun, har ya nuna a ƙara.

An shafa. Alhamdulillahi.